Gadon da Yotamu Ya Sassaƙa wa Uwarsa

Ni da Yotamu Sakala mun tsufa tare a shingen tsando, kan hanyar da ke hawowa daga kwarin Luangwa. Aikinmu tare mota da keke, mu duba ko tsando ya maƙale, mu yi feshi, kada ya hau tudu ya kashe wa mutane shanu. Ni dai don tuwo nake yi. Shi kuwa ƙuda ya shiga ransa. Sai ya cafke ɗaya da raga, ya riƙe a tsakanin yatsu, ya ce, "Lazaro, zo ka gani. Fiffike a rufe kamar almakashi, ga zanen gatari a tsakiya. Tsando ne, mace ce, kuma da yunwa take." Mata kan kawo masa yara masu maruru, ya duba ya ce tsutsar ƙudan putsi ce, ya toshe ramin da mai har ta leƙo da kanta. Surukin ƙuda muke ce masa, yana kuma amsawa.

A wajenmu namiji garin matarsa yake komawa, uwa kuwa 'ya mace ke riƙe ta. Shi ya sa tsohuwarsa ke can cikin kwari a hannun ƙanwarsa Tisauke, wadda shi ya rene ta bayan rasuwar ubansu. Da ƙugun tsohuwa ya fara ciwo, Yotamu ya nemo katakon mukwa ya sassaƙa mata gado da hannunsa, ya haɗa da katifa, ya aika a motar auduga. Tisauke ta riƙa aiko da saƙo cewa Inna har minshari take yi a kai.

Wata damina ya ce in raka shi, ya kuma aika musu muna tafe. Aka yanka mana kaza, aka tuƙa nsima, tuwonmu na masara. Ga gado a babban ɗaki an shimfiɗa sabon zane, ga tsohuwa a bakinsa, a takure kamar baƙuwa. Yotamu ya ga tabo-tabo a damtsenta, Tisauke ta yi caraf ta ce, "Sauro ne, Yaya, bana sun yi mana yawa."

Muna wanke hannu a tsakar gida sai wani ƙuda rawaya-rawaya ya sauka a ƙofar ɗakin girki. Hannun Yotamu ya riga tunaninsa, ya cafke shi.

Na ce, "Putsi ne, surukin ƙuda, sake shi mu koma kan kaza."

Ya ce, "Sun yi kama, amma ba shi ba ne. Dubi cikinsa, gaɓa ta biyu ta fi sauran tsawo." Muryarsa ta sauya. "Wannan a turɓaya yake zuba ƙwai, inda mutum ke kwana a ƙasa. Tsutsar ta fito ta sha jinin mai barci, ta koma. Ba ta iya hawa gado, Lazaro."

Ya shiga ɗakin girkin ya ture itace, sai ga tabarma a naɗe, da tsohon bargon da ya saya wa uwarsa shekarun baya. Ya tona ƙasar wajen da wuƙa. Tsutsotsi ne jajaye, sun ƙoshi.

Ya ɗebo su a tafin hannu ya kai gaban ƙanwarsa. "Tisauke, jinin wa ke cikin waɗannan?"

Ta fara kame-kamen wai karnuka ne ke kwana a can. Mijinta, wani ƙato da ya shekara yana miƙe ƙafa a gadon surukarsa, ya sunkuyar da kai. Ni da a ce ƙanwata ce, da maƙwabta sun raba mu. Sai tsohuwa ta yi magana daga kan gadon, ba ta ko dubi ɗanta ba.

"Ai na gaya muku ku yi sabon daɓe, shara kaɗai ba za ta yi ba. Ɗan nan ba a ɓoye masa ƙuda."

Yotamu ya daɗe yana kallonta. "Inna, har da ke aka shirya mini wannan?"

"Ita ke ba ni ruwa in na ji ƙishi, ɗana. Kai kana can kan tudu."

Ya roƙe ta ta biyo mu, har da durƙusawa. Ta ce ba za ta bar garin da aka binne uwarta ba, kuma ba za ta tona wa 'yarta asiri ba. Ya kankare ƙasar ɗakin girkin, ya yi sabon daɓe, ya sari itace ya kafa wani gadon, siriri yadda mutum biyu ba za su kwanta ba, ƙafafunsa a binne yadda ba mai ɗauka. Bai sake cin abincin Tisauke ba, ko a ranar jana'izar tsohuwar.

A hanyarmu ta komawa muna tura kekuna a hawan dutse, tsando ya sauka a hannunsa ya kafa baki. Bai kore shi ba, bai kuma kira ni in gani ba. Ya ce, "Lazaro, da ban san ƙuda ba, da yanzu ina tafiya gida da murna."