Malam Sule, Bakaniken da Ya Ƙi Kankare Kan Injin

Ina zaune a ƙofar gida ana yi mini barka da samun jikana na fari, bakina ya ƙi rufuwa don murna, sai ga maƙwabcina ya durƙusa ya ce, "Baba Haladu, sai haƙuri. Malam Sule ya cika a hanyar Ɗambatta." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon ƙirji ne ya taso masa, aka sa shi a motar Ɗanlami direba za a kai shi asibiti, injin ya buga a tsakiyar gonaki. Kafin wata mota ta tsaya, rai ya yi halinsa.

Tare muka yi ajin yaƙi da jahilci, gemunmu da furfura. Ni na fito da wannan ɗan rubutun, shi kuma ya koma rumfarsa ta gyaran mota da injin ban ruwa. Ba ya taɓa injin sai ya saurare shi. In ya ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai ya ce, "Mai ne yake kamawa kafin a ba shi wuta. Gaggawa ce, kuma fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, shi ne zai biya."

Direbobinmu suna da wata ɗabi'a. In injin ya yi zafi kansa ya lanƙwashe, sai a kai a kankare, a sake kankarewa, sannan a tura taimin, wato lokacin ba mai wuta, gaba don mota ta ja buhunan hatsin kasuwar Dawanau da ƙarfi. Malam Sule ya sha bayani: a cikin kan nan akwai ramin da mai ke ƙonewa, kowace kankara tana ƙuntata shi, matsi ya ƙaru, mai ya riƙa kamawa da wuri har injin ya buga. Sai dai a ja taimin baya, a haƙura da gudu, ko a sake kan.

Da Ɗanlami ya kawo kan injinsa a sake kankarewa, marigayi ya shafa ƙarfen ya ce, "Wannan ya gama ba da abin da zai bayar." Ɗanlami ya yi dariya. "Malam, gyara na zo ko wa'azi? In hannunka ya tsufa ka faɗa." Ya kai wani wuri aka yi masa yadda yake so. Haka direbobin suka janye ɗaya bayan ɗaya, suna kiransa Malam A'a, har ciyawa ta fito a bakin rumfarsa. Bai taɓa rama magana ba.

Yau ga su cike da tabarmar makoki, kowa na cewa mutumin kirki ne. Gobe za su koma tasha, Inna Rabi matarsa ta zauna da 'ya'ya mata da rumbun da bai kai rabi ba.

Ya Allah Ka yi wa bawanKa Sule rahama, Ka yalwata kabarinsa. Ka zama gatan Inna Rabi da marayunta, kada Ka bar su a hannunmu, don an ga yadda muka riƙe ubansu. Amin.