Shekarun da Littafin Ya Tsallake

A daminar 2003, wata ranar Alhamis da ba mu zuwa lakwal, wato makarantar boko, ina shanya wanki a tsakar gidanmu na Zongo sai Kawu Illa direba ya sauke jakarsa daga Maraɗi, wani ɗan littafi ya zamo ya faɗo kusa da kwata. Bangonsa na fara gani: budurwa da lalle har gwiwar hannu ta yi tagumi a bakin taga, can nesa kuma ga jirgin sama ƙarami kamar ƙuda. Na goge hannu a zane na ɗauka. Duk littattafan da na sani na Faransanci ne, cike da yaran da ba su taɓa tura baron ruwa ba. Wannan kuwa da na haɗa baƙaƙen a hankali sai na ji Hausar gidanmu tana fitowa daga bakina. Kawu ya ce na manya ne, matan gida ya sayo wa. To amma cikinsu babu mai karatun boko, don haka ni da aka hana littafin, ni aka miƙa wa shi.

Daga nan la'asar ta zama tawa. In na dawo daga famfo na cika randuna, sai a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, wata na tsintar wake, wata na kitso, ƙawayena na carafke a ƙofar gida suna kirana, ni ko ko waiwaye. Labarin wata budurwa ne da saurayinta ya tafi karatu ƙasar waje ya ce ta jira shi. Har a aji nakan kalli allo in ga tagarta, in ji ni ce ake wa alkawari, sai Mushe malaminmu ya buga tebur sannan in dawo Wagadugu.

Irin waɗannan littattafai kashi-kashi suke zuwa, kuma mu na nesa sai mota ta je ta dawo. Mun gama na biyu, na uku yana can wata kasuwa, Kawu Illa kuma ya karkata Lome da kaya. Wata da watanni matan gidanmu suna yi wa budurwar shari'a. Innata ta ce haƙuri ba ya ɓaci. Yaaba, tsohuwar Mosi mai gidan, wadda ake fassara wa labarin, ta ce yarinyar ta tashi ta nemi sana'a, taga ba ta ciyar da kowa. Ni ma har an fara tambayata, ina tsuke baki kamar alƙali ina cewa wallahi zai dawo, irin wannan so ba ya mutuwa.

Mutum ɗaya ce ba ta sa baki, Tanti Rakiya ta ɗakin ƙarshe, mai dafa wake da shinkafa. Mijinta ya bi motar kaya zuwa bakin teku tun kafin in shiga lakwal, ba aike ba saƙo, sai dai wani ya ce ya gan shi a Abidjan, wani ya ce a Kwatano. Dattawan masallaci sun sha gaya mata in tana so za a raba auren, ita kuma ta ce tukuna. Ban gane ba a lokacin, ashe duk gardamar da ake yi ƙarƙashin darbejiya da ita ake, ana fakewa da 'yar littafi.

Ranar da na uku ya iso har maƙwabta suka shigo. Na karanta: bayan shekaru masu yawa, ga shi ya sauko daga jirgi da akwatuna. Mata suka ɗauki guɗa. Na juya wajen Tanti Rakiya ina murmushi, a zatona kyauta na kawo mata.

"'Yar lakwal, koma baya kaɗan," in ji ta. "Me ta yi cikin shekarun nan?"

Na duba, na juya shafi, na sake dubawa. "Bai faɗa ba, Tanti. Layi ɗaya ne."

"Layi ɗaya." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa jiran kowa ba. Da ya taɓa, da nan littafin yake."

Na ji haushinta har cikin raina, na kwanta da littafin a ƙirjina ina kare shi. Amma ko da na sake karantawa, sai layin nan ya tsaya mini kamar ƙaya, kuma a karon farko na ga ashe mai karatu yana iya ce wa littafi bai yi gaskiya ba. Kafin azumin shekarar Tanti Rakiya ta yafa gyale ta je wurin dattawa.

Yau 'ya'yana a waya suke karatu, kowa da ɗakinsa, babu tabarma babu gardama. Ni har gobe ina sayen littattafan soyayya, ina kuma kuka in masoya sun haɗu, sai dai duk inda marubuci ya yi tsalle nakan tsaya in tambaye shi. Tanti Rakiya ta koma unguwar Zogona ta buɗe rumfar abinci kusa da jami'a, ɗalibai na kiranta Mama. Ta auri wani tela mai yawan dariya, ta yi ƙiba, ta je Makka. Mijin farko bai dawo ba har ta rasu, kuma ban taɓa jin ta sake kallon ƙofa don an yi sallama ba.