Ranar da Inna ta kira sunan Yaya

Ranar jajibirin kasuwar Matameye ce, a ƙarshen bazarar shekarar da yaƙin gabas ya tsallako yankin Difa, ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Zafi ya kai inda kaji suka buɗe baki suna haki a gindin randa. Ni da Inna muna surfen gero a inuwar dalbejiyar tsakar gidanmu, muna lugude, sai muka ji ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida bai ko kashe moto ba. Ya yi sallama daga zaure, ya ɗaga murya ya ce an sauke Baba Ƙarami daga mota tun da hantsi a shingen jami'an tsaro da ke hanyar Ɗan Barto, an shige da shi ciki. Na saki taɓarya na ruga zaure ina jero masa tambayoyi. Inna kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ci gaba da dakanta ita kaɗai har geron da muke surfawa ya fara zama tsaki, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Dije, miƙo mini mayafina, ki je ki gaya wa mai unguwa an riƙe yaron nan."

Yaron nan shi ne yayana, ɗan farin Inna. A gidajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta ma nuna ta san da zamansa in akwai mutane. Na Yaya ya fi na kowa tsanani, don sunan kakanmu na wajen uba aka sa masa, wato sunan surukin Inna, Haruna. Shi ya sa duk unguwa ke ce masa Baba Ƙarami. Inna ba ta tsaya kansa kaɗai ba, duk wani mai wannan suna a duniya ta yafe shi. Mahaucin da muke sayen nama wurinsa sunansa ke nan, amma ita sai dai ta ce "mai naman bakin masallaci." Ko labarin annabawa take ba mu, in ta zo kan wannan annabin sai ta ce "ɗan'uwan Annabi Musa," ta wuce abinta. Mu kuma da neman magana sai mu ce ba mu gane ba, wane ɗan'uwan? Ta ɗaga muciya, mu watse muna dariya.

Tun da aka yaye Yaya ɗakin kakarmu ya koma, can ya girma har ta rasu. Ni dai da hankalina na yarinya na yanke hukunci cewa Inna ba ta son sa, kuma abin yana ƙona mini rai ƙwarai, domin a duk gidan ba wanda nake so kamarsa. Shi ya koya mini ɗaurin danƙon harbi ina mace, shi ke ɗora ni kan amalanke in za a kai taki gona, shi ke kakkaɓo mini magarya ina tsinta a zane. Da rani ya bi sauran samari cin rani Najeriya, yana sayar da shayi a wani gari can gabas, Baba kuma yana gadi a Legas. In Yaya ya dawo ya kawo wa Inna atamfa da sabulu, sai ta ce, "A ajiye can," tana ta tankaɗenta. Sau nawa na shiga bayan rumbu na yi kukan haushi a madadinsa, shi ko a jikinsa.

Wannan shekarar komai ya sauya a garin, ko da yake ko harbi ɗaya ba mu ji ba. Mai shela ya zaga unguwa-unguwa yana cewa duk wanda ya yi baƙo ya kai shi gaban mai unguwa kafin ya kwana. Gidajen da suka saba shimfiɗa wa fataken kasuwa tabarma a zaure suka fara tambayar mutum daga ina kafin su ba shi ruwa. Aka ce kowane talho, wato wayar hannu, yana da kunne, ana sauraro daga Yamai. Gaskiya ne ko ƙarya ba mu sani ba, amma Baba da ya saba cinye kuɗin kiransa kan labarin akuyoyi da wanda ya mutu da wanda ya yi aure, ya koma daga "kuna lafiya" sai "a gaida yara." A bakin famfo matan da ke gasar faɗin inda 'ya'yansu ke neman kuɗi suka koma hirar tsadar barkono. Kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi da ƙarfi ba. Muna jin abin da rediyo ke faɗa, muna ganin mutanen gabas suna wucewa da tukwanensu a saman mota, tsoro ya sa kowa ya yarda a duba shi in dai za a duba na kusa da shi.

Mu yara kuwa muka mai da abin wasa. Lokacin hutu a lakwal aka bar langa da 'yar gala-gala, aka koma wasan shinge. Mu ɗaura igiya tsakanin bishiyoyi biyu, mu rataya mata tsummoki, ganyen dalbejiya shi ne takarda. Wanda ba shi da ganye a kai shi Damagaram, wato bayan aji inda rana ke dukan bango. Kullum ni ce shef, wato shugaban shinge, don na fi kowa baki da zare ido. Na tura yara Damagaram ba iyaka, har da 'yar mushenmu, wato malaminmu, ban taɓa tunanin abin da ake yi wa mutum in ya isa can ba.

Muka shiga motar haya ni da Inna da mai unguwa. An tafi da ni ne don ina jin ɗan Faransanci, kuma ko an hana ni sai na bi su a ƙafa. Gonaki a gefen hanya duk an share su, an watsa taki, ana jiran ruwan shuka. A shingen akwai ganguna da buhunan yashi, da wani ɗaki mai rufin kwano, bayansa kuma wata katanga inda aka tara waɗanda aka sauke. Wata babbar mota mai rufin tanti tana tsaye a gefe. Wata mai tallan fura ta raɗa mana cewa da la'asar za ta tashi zuwa Damagaram da duk wanda ba a gamsu da shi ba, daga can kuma ana wucewa da mutum gaba, sai ya yi watanni danginsa ba su san inda yake ba.

Shef ɗin dogo ne, idanunsa jajur don rashin barci, Hausarsa ta mutanen yamma. Bai yi mana tsawa ba, har benci ya sa aka jawo wa Inna. Ya ce Yaya ya fito daga yankin da ake yaƙi, ba shi da takardar shaida, wai ta ƙone tare da rumfar shayinsa, talhonsa kuma cike da lambobin can. Ya ce ya riga ya yi masa tambayoyi a kan gidansu, yanzu uwarsa za ta amsa nata, in sun zo ɗaya a sake shi. Ya ajiye talho a kan tebur yana ɗaukar murya. Mai unguwa ya ce shi ya san yaron tun yana zanin goyo. Shef ya ce a wannan lokaci shaidar mai unguwa ba ta isa ba, ta uwa yake so.

Ya tambayi garinmu da unguwarmu, Inna ta faɗa. Ya tambayi 'ya'yanta nawa, ta fara lissafi daga na biyu. Ya ce, "Wanda ke bayan katangar nan fa, ɗanki ne?" Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ya ce, "To, yaya sunansa?" Shiru. Na yi wuf na faɗa, ya ɗaga mini hannu ya ce ba a karɓar maganar yarinya. Haushi ya turnuƙe ni. Na dubi Inna na ji kamar in kama ta in girgiza, ga mota a waje an fara duba mata ruwa, ita tana nan tana kunya. A raina na ce ashe dai gaskiyata, ba ta son sa.

Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne, kuma sunan surukinta gare shi. Tun da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakinta ba." Shef ya shafa fuskarsa. Ya ce ya sani, su ma suna da irin wannan, uwarsa har ta mutu ba ta kira wansa da suna ba. Amma kwanan baya an kawo masa wata tsohuwa ta rantse wani ɗanta ne, ashe ba ta taɓa ganinsa ba, ita ma kunya ta ce tana ji. Ya ce, "Inna, na binne yaran da muke cin abinci kwano ɗaya da su. Ba zan saki mutum a kan shiru ba." Daidai nan aka tada motar, ƙararta ta cika ɗakin.

Inna ta miƙe tsaye. Na zaci fita za ta yi. Ba ta dubi shef ba, ba ta dubi talhon ba, ta juya fuskarta wajen tagar da ke kallon katangar, ta buɗe murya irin wadda take kiran mu da ita daga ƙarshen gona, ta ce, "Haruna!" Daga bayan katanga, cikin mutanen da ke zaune a rana, muka ji an amsa, "Na'am, Inna!" Muryar ta karye a tsakiya.

Daga nan kuma bakinta ya buɗe. Tana tsaye, hawaye na bin fuskarta, ta ce nata ne, ita ta haife shi a ɗakin uwarta a Tsauni da kaka ana yankan gero. Ta ce yana da tabon lauje a ƙaurinsa na hagu, da wani na ƙuna a kafaɗa inda kunu ya zubo masa yana rarrafe. Ba ya cin miyar kuka sai dole, haƙorinsa na gefe ya guntule ranar da jaki ya kayar da shi, in ya yi ƙarya kunnensa yake sosawa. Abubuwan da ni mai iƙirarin son sa ban sani ba, ita da ba ta ɗaga ido ta dube shi ta jero su kaf. Mai unguwa ya kau da kai yana kallon bango. Shef ya kashe talhon tun ba ta gama ba, ya aika aka duba ƙauri da kafaɗa, ya ce a fito da shi. Da za mu tafi ya ce wa Inna ta yafe masa. Ta ce, "Allah ya tsare ku, ku ma 'ya'yan wasu ne."

A hanyar komawa Inna ta zauna gaba, Yaya can baya kan buhuna, ba wanda ya dubi wani. Ni ce a tsakiya ina ta kuka ina dariya, har wata tsohuwa ta tambaya ko ina da iska. Ba a yi mako ba ruwa ya sauka. Muka fita shuka, Yaya a gaba yana saran rami da sungumi, ni da Inna a bayansa muna jefa iri muna rufewa da ƙafa. Ta koma kunyarta kamar ba abin da ya faru, ni kuma ban sake shiga bayan rumbu don ita ba. Wasan shinge ma na bar wa wasu, da aka ce in zo in yi shef na ce kaina ke ciwo.

Yanzu ina koyarwa a Damagaram. Sunana da na ubana da na uwata, da hoton fuskata da zanen yatsuna, na ba da su a tagogin ofisoshi da yawa har na daina jin komai. Ɗalibaina ma haka suka tashi, ba su san an taɓa yin lokacin da baƙo zai ci ya sha ya kwana kafin a tambaye shi ko shi wane ne ba. Ba na cewa da ba a kafa shingayen ba, don garinmu ya kwana lafiya, kuma ban san abin da suka tare ba. Amma na ga da idona abin da ake karɓa daga hannun mutane a irin wannan lokaci, har da wanda ba a yi niyyar karɓa ba. Yaya yana Matameye da matarsa da 'ya'yansa, ya bar cin rani, yana da teburin shayi a tasha. Na taɓa tambayarsa abin da ya ji ranar. Ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce shi bai ƙi wannan rana ba, don da ba ta zo ba da sai ya mutu bai san yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba. Inna kuwa da na ɗauko mata zancen cewa ta yi in tashi in ba ta wuri. Ina fata 'ya'yana su riski lokacin da uwa za ta yi shiru a kan sunan ɗanta, ba mai dalilin tilasta mata ta faɗa. Wannan ne zaman lafiyar da nake roƙo.