Sun Cire wa Yaya Kande Askarta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Kande makwancinta, amma sai bana 'ya'yanta suka ba ni haushin da ya sa na ɗauki biro, ni da karatuna ya tsaya a aji uku.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arta sassaƙa hatimin katako. Ta zana dabino ko fure da 'yar aska, ta shafa tawada, ta buga a hankici da kallabi, alhazai su saya tsaraba. Rabin mutanen unguwarmu Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki, sun san bugunta. Hotonta ɗaya ne tak a duniya, kuma ni na raka ta ɗauka. Mai hoto ya ce ta ajiye askar. Ta ce, "In na ajiye, wa za ka ɗauka?"

To, babban ɗanta Abdallah ya shirya sadaka, ya kai hoton aka gyara a waya. Na shiga falonsa a unguwar Aziziyya na tarar da wata baƙuwa a bango: fuska sumul, zanen kumatu ya ɓace, yatsu fes, ba aska, sai carbi.

Na ce, "Wace ce wannan Hajiyar?"

Ya ce, "Ummi ce mana, Kawu. Wuƙa a hannun mamaciya? Aibu ne wallahi."

Aibu! Askar da ta ciyar da shi har ya yi tumbi. Carbi kam ta ja, fiye da shi ma, amma ba carbi ta zaɓa ranar ɗaukar hoton ba.

'Yarsa Maryam, mai karatun zane, ita ta ƙara tunzura ni. Ta nuna min aikin Jamusawan dā, masu kartar hoton mutum a farantin jan ƙarfe su buga a takarda. Har da hotunan mata masu zane a ciki, wasu riƙe da kayan aikinsu. Ban san sunan ko ɗaya ba, harshena ma ba zai juya ba. Amma kallo ɗaya na gane me suke yi a duniya. Wato mutanen da ba su da waya sun bar mace da sana'arta, mu masu waya mun ƙwace!

Da Yaya za ta leƙo falon nan, na san abin da za ta ce: "Wannan ba ta taɓa yanke yatsa ba."

Na nemi hoton asali, aka ce ya ɓata wajen ƙaura. Amma hatiminta na dabino yana akwatina. Ranar sadaka na shafa masa tawada, na buga a ƙirjin farar jallabiyata, na zauna a sahun gaba. Abdallah ya yi ta harara. Sai ga wani tsoho daga unguwar Utaibiyya ya tsallake hoton bango ko kallo bai yi ba, ya dafa ƙirjina ya ce, "Kai, bugun Kande! Allah ya jiƙanta."