Tagar Rabi Mai Tuwo

Duk ɗan kasuwar Deira da kewar tuwon gida ta taɓa kamawa ya san Rabi. 'Yar Gumel ce. Ta biyo mijinta Dubai yana harkar kago, wato jigilar kaya, da Allah ya yi masa rasuwa sai ta zauna tana girki a gidanta na Al Nahda ana kai wa mutane. Ni maƙwabciyarta ce, kuma na shaida bakinta ya fi yajinta zafi.

Mutum ɗaya ne bakin nan bai taɓa kama sunansa ba, wato Mubashir, ɗanta na fari. “Yaron nan” take cewa. Haka ta taso ta gani: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a sakar masa fuska a gaban mutane. To amma shi a nan ya girma, cikin 'ya'yan Larabawa da iyayensu ke rungume su a ƙofar makaranta ana ta habibi, habibi. Abin da ke cin ranta ke nan. Ta sha gaya mini tana tsoron ya ɗauka ba ta ƙaunarsa, ga shi harshenta ya ƙi lanƙwasuwa.

Da ya shiga jami'a ya zaɓi nazarin finafinan Japan, hankalinta ya ƙara tashi. Tsofaffin finafinai ne marasa kala, ba waƙa ba rawa, mutane na durƙushe a tabarma suna shan shayi. Ya rage hira, kullum idonsa na kansu. Ta ce shi ke nan, yaro ya samo wasu dangin.

Wata Asabar ina taya ta yankan kuɓewa, ya ajiye kwamfuta a gabanmu ya ce mu kalli wani wuri a cikin wani fim. Wata tsohuwa ce ɗanta zai yi tafiya. Ko dubansa ba ta yi ba, faɗa ma take yi masa a kan ya manta lema. Yana fita ta laɓe a bayan ƙofa, tana leƙensa har ya sha kwana.

Mubashir ya ce malaminsu ya sa su rubuta dalilin wannan hali na matar nan, kuma shi bai sha wahala ba.

“Na rubuta cewa kunya ce, Umma. Ina da irinta a gida. Kullum tana taga har bas ɗina ya tashi.”

Rabi ba ta ɗago ba. “Shanya nake dubawa.”

“Tagar kicin ba ta da igiya.”

Ta kore shi da wuƙar kuɓewa, ya fita yana dariya. Sai ta sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba, ta goge ido da bakin ɗankwali, ta ce albasa ce. Ko albasa ɗaya ba mu yanka ba ranar.

Can ta ce, a hankali, “Ashe yaron nan ya sani.”