Ranar da Kwamfutar Kawu Ta Ƙi Gane Shi

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a shagon Kawu Ummaru a Boɗinga ya san ba ya goge komai daga kwamfutarsa. Komai fa! Wata rana na ga wasiƙar wani mutumin Horo Birni kan saniyarsa da ta ɓata, na ce, "Kawu, mai saniyar nan ai ya rasu tuntuni."

Ya ce, "To, sai in kashe wasiƙar ita ma ta bi shi?"

Da haka har cikin kwamfutar ya cika, ta koma tafiya kamar jakin da aka labta wa albasa. Na sayo babban faifan ajiya daga Sakkwato, na kwafe komai na tsohon zuwa sabon. Muka kunna. Kawu ya buga lambar sirrinsa, ta yi masa maraba, sai ta maido shi bakin ƙofa, wurin buga lambar. Ya sake, ta sake. Sau bakwai!

Ya tura hula ƙeya ya ce, "Ka gani ko? An gina mata babban gida, ta daina gane talakawa."

Muka kira wani mai gyara daga Shagari. Ya ce, "Baba, gaya mini lambar."

"Mi? Kai da ko sunan ubanka ban sani ba?"

Sai da Kawu ya sa mu duka muka juya muka fuskanci bango, har da wani tsoho da ya zo hoton takarda, sannan ya buga. Tsohon ya ce, "Malam, ni ko karatu ban iya ba."

Kawu ya ce, "Juya dai hwa!"

Muna dariya, amma ban da Kawu, don nan ma ta ƙi buɗewa. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba.

Ashe laifina ne. Na bar tsohon faifan a haɗe, ita kuwa ta ga biyu iri ɗaya ta rikice. Mai gyara ya zare shi, ya ɗan taɓa nan da can, ta buɗe.

Kawu bai duba takardar kowa ba. Wani abu guda ya danna, sai ga muryar Inna Hajo, matarsa da ta rasu, tana yi masa faɗa ya bar fura a buɗe ƙuda sun faɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya share ido da bakin riga.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tana nan, ba ta huce ba."

Bara ya bi ta. Har yau in na biyo ta kan titin nan sai ƙafata ta rage sauri da kanta, kamar zan ji ya ƙwala mini kira. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya haɗa shi da Inna a Aljanna, ta ƙarasa masa faɗan nan ido da ido.