Injin Gem na Ɗan Fari

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, kuma ba na jin zan fara yanzu da furfura ta cika mini haɓa. Haka muka taso muka tarar. Da aka yaye shi, mahaifiyata ta zo daga Shagari ta goya shi ta tafi, mu kuwa muka kau da kai kamar ba namu aka ɗauka ba. A can ya girma. Ita ce ke tsokanarsa tana ce masa maigida, shi kuma yana ce mata ta tsufa zai sake ta. Ni in na je gaisuwa, sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Malam, an zo lahiya?" In amsa ina kallon bango.

Da Allah ya yi mata rasuwa, sai ya dawo wurinmu Bodinga yana saurayi, har gashin baki ya fara tsiro. Muka ba shi shagon da ke jikin zaure. Kwana kawai yake yi a ciki. Gari na wayewa zai tari mota ya koma Shagari, wurin abokansa da ke taruwa a gidan gem na bakin tasha, inda ake buga wasanni a talabijin. Ƙanwata da ke aure a Lambara ita ta fara jiyo labarin da ya hana ni sukuni: samarin sun shirya, in an gama cire albasa za su bi manyan motoci zuwa Kudu, kuma har da shi. Na san waɗanda suka bi motocin nan a zamaninmu. Wasu sun dawo, wasu sai dai labari.

Wani uban zai zaunar da ɗansa ya ce kada ka tafi. Ni bakina ba zai iya ba, uwarsa kuwa ta fi ni, ko ido ba ta haɗawa da shi. Sai na ce to, tun da gem ne ke fitar da shi, bari in kawo gem ɗin cikin gida. Ina da 'yar akuya da rago da nake kiwo, na sallama su.

Na ɗauka zan shiga shago in ce a ba ni injin gem, in fito. Ashe injin iri biyu ne, kuma masu su ba sa ga maciji. Mai shagon da aka kwatanta mini a cikin Sakkwato, wani matashi mai surutu kamar rediyo, ya jera mini su a kan kanta. Ɗaya fara ce, doguwa, mai fukafukai a gefe. Ɗayar baƙa, mai kusurwa huɗu, sai ka ce bulon siminti aka tsayar. Ya ce farar tana da wasannin da ba a samu ko'ina sai a cikinta. Baƙar kuma in kana biyan wani abu duk wata, za a buɗe maka rumbun wasanni ka yi ta ɗiba, amma sai da data mai ƙarfi. Na tuna yadda nake ɗaga waya sama a tsakar gida kafin saƙo ɗaya ya wuce. Ya miƙo mini abin da ake riƙewa a buga, wanda suke ce wa hannu. Na farar sandunansa biyu a jere suke, na baƙar ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ce wannan kaɗai ya isa ya raba abota.

"Ƙwallo fa?" na tambaya.

"Dut suna da ita, Malam."

"To mene ne abin faɗan?"

Ya yi dariya har da buga kanta. Na koma gida hannu rabbana, kaina na sarawa.

Daga nan na shiga wahalar da ban taɓa sha ba ko lokacin neman aure. Ni da ke koyar da yara lissafi, na koma ɗalibin yaran da na kora daga aji. Wannan ya ce farar ce sarauniya, wancan ya ce ai baƙar ta fi ƙarfi, wanda ya sayi fara kuɗinsa ne ke masa ƙaiƙayi. Mai gyaran sola ya ce dukkansu mayun wuta ne, batirina ba zai ɗauke su da firji lokaci guda ba. Mai gyaran waya ya ce in baƙar ta lalace sai an aika da ita Kano, farar kuwa ko a nan akwai masu buɗe ta. Wani ya ce zafin bazararmu zai dafa kowacce, sai an ajiye ta inda fanka ke kaɗawa. In na yi sallah na shafa, sai in ga bulo da fukafukai suna yawo a idona. Na gaji, wallahi na gaji, kuma albasa tana ta ƙosawa a fadama ba ta jira na.

Zuwana shagon na gaba, mai shagon ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, mi za ya sa ka wahal da kanka? Ka tambayi yaron mana, shi ad da abin."

Na ce, "Ɗan fari na."

Ya gyaɗa kai. Ɗan birni ne, amma ya gane.

Na aiki ƙanwata ta bugi cikinsa, tun da goggo tana da bakin da uba ba shi da shi. Ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, na tambaye shi. Ya ce dut wadda Malam yag ga ta yi, ta yi." Na kusa jifa da wayar. Kunyar da na ba shi ce ya auno ya maido mini, mudu cike.

Sai na yi abin da bai kamaci mai shekaruna ba. Na hau mota zuwa Shagari, na tsaya a ƙofar gidan gem ɗin don in ga wadda yake bugawa da idona. Rumfar kwano ce, janareta na kuka a baya, samari cike suna ihu. Ina ɗaga labule aka ga hula da furfura, wurin ya yi tsit. Hannuwan gem suka sauka ƙasa. Na hango ƙeyarsa yana sulalewa ta ƙofar baya, ƙwallon da ya bari tana ta gangarawa a allo ba mai binta. Mai wurin ya ce yana da tsofaffin samfurin duka biyun, kuma yaron ba ya zaɓe, wadda ya samu babu kowa ita yake zama a kai. Da ina da kai, da a ranar na gane abin da idona ya gani. Amma hankalina yana kan fara da baƙa.

Gajiya ce ta yi mini zaɓi a ƙarshe. Na ɗauki farar saboda mai gyara yana kusa. Mai shagon ya ce hannu ɗaya ke zuwa da ita, ko zan ƙara? Na ce ƙara. Ya ce na wa? Na ce na ƙanensa. Amma sai da na sa ya nuna mini inda ake dannawa a buga ƙwallo, na yi ta gwadawa da kaurin yatsuna har ya fara duba agogo.

Na kafa ta a falo, domin nan ne talabijin yake, nan wayar sola ta tsaya, nan fanka take. Nan kuma nake zama kullum daga La'asar zuwa Magariba ina duba littattafan yara. Uwarsa ta aiki ƙanensa ya gaya masa. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Malam, an gode, Allah shi ƙara arziki." Ya tashi ya tafi.

Bai taɓa ta ba. Uwarsa ta lulluɓe ta da ɗankwali saboda ƙura. Ni ina zaune kusa da ita kowace yamma kamar mai gadin gawa, ina jira, shi kuma yana can Shagari. A bakin titi an fara jibge buhunan albasa masu jan baki. Raina ya ɓaci. Na ce shi ke nan, baƙar yake so, na yi asarar akuyata. Har na ɗauko kwalin zan mayar a musanya mini, sai ga ƙanwata ta zo gaishe mu. Ta dubi injin, ta dubi kujerata, ta riƙe haɓa.

"Yaya, kai ma fa ɗan fari na. Yaushe kat taɓa zamnawa ɗaki guda da Baba?"

Gaskiya ta faɗa. Har mahaifina ya koma ga Allah, in ya shigo ta gabas ni na fita ta yamma. Na auna zafin inji, na auna wutar da yake ci, na auna sandunan hannu, ban auna kujerar da nake zaune a kai ba.

Washegari bayan La'asar na naɗe tabarmata, na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya kamar mai shela, wai da uwarsa nake: "Na fita, ba ni dawowa sai an kira Magariba." Na shimfiɗa a gindin dogonyaron ƙofar gida, inda tagar falo ke kallo. Ranar ba abin da ya faru. Na ci gaba da shelata kullum, har maƙwabta suka fara tambaya ko an kore ni ne. Wata yamma sai na ji ƙarar 'yan kallo na fitowa ta taga, a hankali, kamar an rage murya don kada a ji.

Motocin albasa sun tashi a bazarar nan da abokansa. Shi yana nan.

Rannan na manta tabarau a kan tebur. Na tashi na shiga, na kai har bakin falo, na ga takalmansa da na ƙanensa a ƙofa. Ƙaramin ne riƙe da hannu na biyun. Sai na ji babban ya fashe da dariya, irin mai shiɗewar nan ta mahaifiyata sak. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Na san in na ɗaga labulen zai ajiye hannun ya miƙe. Na juya a hankali na koma tabarmata, na buɗe littafin yara a cinya ba na ganin ko baƙi ɗaya, na zauna a haka har aka kira salla.